Ɗan Gida ko Baƙo? Takaddamar Ƙarin Girma da Ɗaukar Sababbin Ma'aikata a Ƙungiyoyin Gama Kai

Gabatarwa

Duk ranar da babban ma'aikaci ya yi ritaya a ƙungiyar gama kai, tambaya guda takan taso tun kafin a gama ban kwana da shi: wa zai hau kujerarsa? Akawun da ya shekara 15 yana riƙe da littattafan ƙungiya gani yake lokacinsa ne ya zo. Matashin da ya kammala jami'a, yake zaune da takardunsa babu aikin yi, shi kuma gani yake ya kamata a tallata gurbin kowa ya gwada sa'arsa. Hanya ta farko ita ake kira ƙarin girma, wato a ɗaga ma'aikacin cikin gida daga matakinsa zuwa na sama. Ta biyu kuwa ita ce ɗauka kai tsaye, wato a buɗe gurbin ga jama'a, a yi jarrabawa, a ɗauki wanda ya yi zarra ko da bai taɓa taka ofishin ba.

Jihar Kerala da ke kudu maso yammacin Indiya ta daɗe tana fama da wannan takaddama, har ta rubuta mata dokoki filla-filla, don haka ta cancanci a yi nazari a kanta. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, kujerar da ake jayayya a kanta mallakar mambobin ƙungiya ce waɗanda suka zuba kuɗinsu, kuma yawancin rikicin yana tasowa ne saboda ana jira sai gurbi ya samu sannan a fara tunanin ƙa'idar cike shi. Ƙa'idar da aka rubuta kafin a san wanda za ta amfana ita ce kaɗai kowane ɓangare zai iya haƙura da ita.

Yadda Abin Yake a Kerala

Turawan mulkin mallaka ne suka kafa dokar farko ta ƙungiyoyin ba da rance na gama kai a Indiya a shekarar 1904, suka faɗaɗa ta a 1912. A tsarin mulkin ƙasar na yanzu, kowace jiha ita ke yi wa ƙungiyoyin da ke cikinta doka, kuma Kerala ta yi tata a 1969. Jihar tana da gundumomi 14 da mutane kimanin miliyan 33 bisa ƙidayar 2011. Tana da ƙungiyoyin ba manoma rance fiye da 1,500, waɗanda da yawansu sun zama tamkar bankunan ƙauye: suna karɓar ajiya, suna ba da rance bisa jinginar zinariya ko fili, wasu har da shagunan kayan masarufi da na magani. Aiki a irin wannan ƙungiya yana da tsararren albashi da fansho, ga shi kusa da gida. Saboda haka masu neman sa suna da yawa. Bugu da ƙari, kwamitocin gudanarwa zaɓensu ake yi, kuma sanannen abu ne cewa jam'iyyun siyasa na jihar suna fafatawa a waɗannan zaɓuɓɓuka kamar yadda suke yi a na ƙananan hukumomi.

Inda aiki mai tsoka ya haɗu da kwamitin da ke da magoya baya, zargin son kai ba ya ƙarewa. Wannan ne ya sa jihar ta riƙa janye ikon ɗaukar ma'aikata daga hannun kwamitoci sannu a hankali. A 1995 aka mayar da ɗaukar ma'aikatan manyan ƙungiyoyi na matakin jiha da na gunduma hannun Hukumar Ɗaukar Ma'aikatan Gwamnati ta Kerala. Daga baya aka kafa wata hukumar jarrabawa ta musamman domin ƙananan ƙungiyoyin ba da rance, ita ke shirya rubutacciyar jarrabawa, kwamiti kuma ya yi ganawar baka da waɗanda suka ci. Akwai kuma takardun shaidar horo a kan aikin gama kai, ƙarama da babba, waɗanda ake nema ga mai son zama akawu ko sakatare.

Ta ɓangaren ƙarin girma kuwa, asalin ƙa'ida ita ce a bi daɗewa a matakin da ke ƙasa da gurbin, matuƙar mutum ya cika sharuɗɗan ilimi. Amma a wasu muƙamai na tsakiya, kamar na mataimakin sakatare a ƙungiyoyi masu yawan ajiya, an tsara kaso: uku ga ƴan gida, ɗaya ga na waje. An kuma keɓe rabin guraben manyan ƙungiyoyi ga ma'aikatan ƙananan ƙungiyoyin da ke ƙarƙashinsu, domin akawun ƙauye ya san akwai tsanin da zai iya kai shi birni. Idan saɓani ya taso, akwai kotun sasantawa ta ƙungiyoyin gama kai, akwai ta ɗaukaka ƙara, sannan ga Babbar Kotun jiha. Duk da wannan shiri, ƙararraki ba su daina kwarara ba, kuma dalilin haka shi ne abin lura.

Hujjar Ɗan Gida

Hujjar ɗan gida tana da ƙarfi, kuma wanda ya raina ta bai san aikin gama kai ba. Jarin ƙaramar ƙungiya shi ne sanin mutane. Tsohon akawu ya san manomin da kan makara da biya amma bai taɓa cin bashi ba, ya san wanda kan zo da daɗin baki ya tafi da kuɗi, ya san filin da ake rigimar gado a kansa don haka bai dace a karɓe shi jingina ba. Babu jami'ar da ke koyar da wannan. Hausawa kan ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, kuma a harkar rance maganar tana da wurin zama.

Akwai kuma batun alkawari. Ƙungiyar da ke da ma'aikata goma ko goma sha biyu, manyan kujerunta ba su wuce biyu ko uku ba. Wanda ya shiga a matsayin ƙaramin akawu ya san zai yi shekaru masu yawa kafin ɗaya daga ciki ta samu. Wannan tsammani yana daga cikin abin da ke riƙe shi a kan gaskiya da haƙuri da ƙaramin albashi. Idan ranar ta zo aka kawo wani daga waje aka ɗora masa, sannan aka ce shi ne zai koya wa sabon shugaban nasa aiki, to sauran ma'aikata ma sun karanta darasin: ƙwazo ba ya kai mutum ko'ina. Daga nan sai a fara ganin sanyin jiki, ƙwararru su nemi wani wuri, waɗanda suka rage kuma su yi aiki daidai da albashinsu.

Ƙa'idojin gama kai na duniya ma suna goyon bayan wannan ta wata fuska. A taron Mancesta na 1995, haɗaɗɗiyar ƙungiyar gama kai ta duniya ta tsayar da ƙa'idoji bakwai, ta biyar cikinsu ita ce ilimantarwa da horarwa, kuma ta haɗa da ma'aikata. Ƙungiyar da ta shekara 20 da ma'aikaci, sannan ta ce bai cancanci mataki na gaba ba, ya kamata a tambaye ta horon da ta ba shi a tsawon waɗannan shekaru.

Hujjar Baƙo

Ita ma hujjar baƙo ba ta wasa ba ce. Daɗewa a wuri tana kawo sani, tana kuma kawo sabo, shi kuwa sabo yakan rufe ido. Idan mai rubuta rance da mai duba shi da mai sa hannu duk sun taso tare, suna zuwa bikin juna da jana'izar juna, da wuya ɗayansu ya tona asirin ɗaya. A shekarar 2021 badaƙalar bankin gama kai na Karuvannur a gundumar Thrissur ta fito fili, inda aka tuhumi wasu ma'aikata da ƴan kwamiti da bayar da rance ta haramtacciyar hanya, masu ajiya da dama kuma suka kasa cirar kuɗinsu a lokacin da suke buƙata. Ba za a ɗora laifin wannan a kan tsarin ƙarin girma ba. Amma ya nuna abin da kan faru idan littattafai suka daɗe a hannun mutane ƙalilan babu sabon ido da ke leƙa su. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na biyu, aikin kansa ya sauya. Ƙungiyar da a da take rubuta ajiya a babban littafi da alƙalami, yau tana aiki da kwamfuta, tana tura kuɗi ta waya, tana fuskantar ƴan damfara na intanet da dokokin hana halatta kuɗin haram. Mai yiwuwa ne babu ko mutum guda a cikin gida da ya iya waɗannan, kuma jiran sai an horar da shi yana iya jawo asarar da ba za a iya mayarwa ba.

Na uku, akwai adalci ga ƴaƴan mambobi da sauran jama'ar gari. Idan ƙofa ɗaya ce kawai ta shiga, wato ta ƙasa, kuma waɗanda suka shige ta tun da farko sun shiga ne ta hanyar sanayya, to ƙarin girma bisa daɗewa kaɗai zai ɗauki wannan sanayya ya kai ta har kujerar sakatare. Wanda aka ɗauka masinja saboda kawunsa ɗan kwamiti ne, bayan shekara 25 shi ne zai riƙe makullin asusu.

Inda Kaso Ke Cijewa

Tun da kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, raba guraben bisa kaso shi ne mafita ta hankali. Sai dai rubuta "uku da ɗaya" a takarda abu ne mai sauƙi, aiwatar da shi ne ke da wuya. Ga misali na lissafi domin fayyacewa.

A ɗauka wata ƙungiya tana da kujeru 8 na mataki guda. Idan kason yana nufin kujerun ne, to a kowane lokaci 6 za su kasance a hannun ƴan gida, 2 a hannun waɗanda aka ɗauko daga waje, kuma duk wanda ya tashi, daga ɓangarensa za a maye gurbinsa. Idan kuwa kason yana nufin guraben da ke samuwa ne, to karɓa-karɓa za a yi: gurbi na farko da na biyu da na uku na ƴan gida, na huɗu na baƙo, ko wane ne ya tashi. Hanyoyin biyu ba sa haifar da sakamako guda. Wanda aka ɗauko daga waje galibi matashi ne, zai daɗe a kan kujera. Wanda aka yi wa ƙarin girma kuwa sau da yawa ya kusa ritaya. Don haka a tsarin karɓa-karɓa, kujerun ƴan gida ne ke yawan samuwa, kuma duk na huɗu daga ciki yana tafiya ga baƙo, har a wayi gari baƙi sun zarce kasonsu. Idan kuma kujerar ɗaya ce tak, kuma kowane mai riƙe da ita yakan yi shekara 10, to baƙo ba zai gan ta ba sai bayan shekara 30, a lokacin kuwa babu wanda zai tuna a ina aka tsaya da lissafi.

A irin wannan giɓi ne son zuciya ke shiga. Kwamitin da ke da ɗan gida da yake so sai ya ce kujeru ake ƙirgawa. Wanda ke da ɗan takara a waje sai ya ce gurabe ake ƙirgawa. Wani kuma ya bar gurbin babu kowa, ya naɗa nasa a matsayin riƙon ƙwarya, shekara ta bi shekara, har mai riƙon ya samu hujjar cewa ya daɗe a kai.

Wa ya Riga Wa?

Matsala ta biyu ita ce ta jerin gabaci. Idan ɗan gida da baƙo suka haɗu a mataki guda, wane ne gaba da wani? Amsar ita ke nuna wanda zai zama sakatare gobe. Kotun Ƙolin Indiya ta sha fama da wannan tambaya a shari'o'in ma'aikatan gwamnati, kuma darasin ya shafi ƙungiyoyin gama kai. A 1990, alƙalai biyar sun yanke hukunci a shari'ar injiniyoyin jihar Maharashtra cewa gabacin wanda aka naɗa bisa ƙa'ida yana farawa daga ranar naɗinsa, amma naɗin wucin gadi da aka yi ba bisa ƙa'ida ba, don toshe giɓi kawai, ba a lissafa shi. Sun kuma ce idan hukuma da kanta ta daɗe ba ta bin kaso har tsarin ya rushe, bai kamata a mayar da waɗanda aka naɗa a lokacin bayan waɗanda suka zo daga baya ba.

A 2012, a shari'ar Parmar, kotun ta karkata ga cewa ana iya danganta gabacin baƙo da shekarar da aka fara shirin ɗaukarsa, ko da bai kama aiki ba sai daga baya. A 2019, a shari'ar Meghachandra Singh, kotun ta soke wannan fahimta, ta ce mutum ba zai nemi gabaci daga ranar da bai ma shiga aikin ba. Abin lura a nan shi ne, tushen waɗannan shari'o'i guda ne: jinkiri. Ƙarin girma ana iya yin sa cikin mako guda da takarda ɗaya. Ɗauka daga waje kuwa tana buƙatar talla da jarrabawa da ganawa, wani lokaci ta ɗauki shekara biyu. Da ana cike kowane kaso a shekarar da ya samu, da yawancin waɗannan ƙararraki ba su taso ba.

Abin da ya Kamata

Abu na farko shi ne babban taron mambobi ya amince da jadawalin muƙamai a rubuce, kowane muƙami da hanyar cike shi da kasonsa, a kuma fayyace ko kujeru ake ƙirgawa ko gurabe. Ƙirga kujeru ya fi dacewa inda suke da yawa, domin shi ke riƙe daidaito a kowane lokaci. Duk gyaran da za a yi wa jadawalin kada ya shafi gurbin da ya riga ya samu.

Na biyu, ƙarin girma ya zama shi ne babbar hanya a ƙananan matakai da na tsakiya, amma da sharaɗin cin jarrabawar cancanta wadda wasu daban suka shirya. Kerala ta bi wannan hanya a wasu muƙamai, inda hukumar jarrabawa ke gwada masu neman ƙarin girma. Daɗewa ta ba mutum damar shiga layi, jarrabawa kuma ta tabbatar zai iya ɗaukar kayan. Wajibi ne kuma ƙungiya ta ba shi horo da lokacin karatu kafin ta gwada shi.

Na uku, muƙaman da ke tsaron kuɗi, irin su mai binciken cikin gida da mai kula da kwamfuta, da kuma kujerar shugaban ma'aikata inda take ɗaya tak, a buɗe su ga kowa, ɗan gida da baƙo su zauna jarrabawa guda, a ba ɗan gida sassauci a kan iyakar shekarun haihuwa da ɗan maki saboda gogewarsa. Wanda ya cancanta a cikin gida ba zai ji tsoron wannan ba.

Na huɗu, a sanya wa riƙon ƙwarya wa'adi, misali wata 6, kuma kada a lissafa shi a gabaci. A riƙa liƙa jerin gabaci a allon sanarwa kowace shekara, domin mai ƙorafi ya yi tun abin yana ɗanye. Ranar ritayar kowane ma'aikaci sananniya ce tun ranar da aka ɗauke shi, don haka babu uzurin cewa gurbi ya zo ba zato.

Mai karatu zai iya cewa sanya hukumar waje a cikin ɗaukar ma'aikata ya saɓa wa ƴancin ƙungiya, wanda shi ne ƙa'ida ta huɗu cikin bakwai ɗin nan. Wannan ƙorafi yana da tushe, domin gwamnatoci sun sha fakewa da gyara su mamaye ƙungiyoyi. Amsarsa ita ce, ba dole sai gwamnati ba. Ƙananan ƙungiyoyi suna iya haɗuwa a ƙarƙashin uwar ƙungiyarsu su kafa kwamitin jarrabawa na bai ɗaya, wanda babu ɗan kwamitin ƙungiyar da ke neman ma'aikaci a cikinsa. Ƴancin da ake magana a kai na mambobi ne baki ɗaya, kuma suna da ikon ɗaure hannun waɗanda suka zaɓa.

Alaƙa da Ƙasashen Hausa

Tarihin dokar gama kai ya haɗa Indiya da Nijeriya. C. F. Strickland, wanda ya yi aikin gama kai a Indiya, shi ya rubuta rahoton 1934 wanda ya kai ga dokar ƙungiyoyin gama kai ta Nijeriya ta 1935, kuma an gina ta ne bisa tsarin Indiya, mai babban jami'in rajista a samansa. Nijar da Cadi da Kamaru kuwa suna ƙarƙashin dokar bai ɗaya ta OHADA kan ƙungiyoyin gama kai, wadda aka amince da ita a Lome a watan Disamba na 2010, kuma ta buƙaci kowace ƙungiya ta mallaki rubutaccen tsari da dokokin cikin gida. Ƙungiyar manoma ko ta ajiya da rance da a yau take da magatakarda ɗaya da mai gadi, gobe tana iya samun ma'aikata 20. Lokacin rubuta ƙa'idar ƙarin girma shi ne yanzu da babu kujerar da ake kwaɗayi, domin rigakafi ya fi magani.

Kammalawa

Ɗan gida yana da haƙƙin a duba shi da adalci idan gurbi ya samu, baƙo kuma yana da haƙƙin a buɗe masa ƙofa gwargwadon kason da aka yi alkawari. Babu ɗayansu da ke da haƙƙin kujerar kanta. Idan shari'a ta yi tsawo, kuɗin lauya daga ribar mambobi yake fita, kujera kuma tana zaune a hannun mai riƙon ƙwarya wanda ba ya iya ce wa kwamiti a'a, tun da kwamitin ne ke riƙe da makomarsa. Mai sayar da kayan miya da ta ajiye kuɗin auren ƴarta, da manomin da ke jiran rancen taki kafin damina, su ne ke biyan wannan farashi, alhali ba a kiran sunansu a kotu. Domin su ne ya kamata a rubuta ƙa'ida tun da wuri, a kuma bi ta a kan lokaci ko wa ta faɗa wa.